Kujerar da ke Tsakanin Lasifika Biyu

Babanmu mai aski ne, amma shi a wurinsa aski neman abinci ne kawai, sauraro ne aikin gaske. Tun muna yara ya sayo wata na'ura mai cin wani irin faifai na musamman, wanda ya rantse ko numfashin mawaƙiya ana ji a ciki. Ya kafa lasifika biyu a shago, dama da hagu, ya dasa kujerar aski daidai tsakiyarsu. In waƙa ta zo inda yake so, sai ya kashe injin aski, ya ɗaga yatsa, ya bar mutum da rabin kai. Wasu suka yi zuciya suka daina zuwa. Ko a jikinsa.

Can sai duniya ta koma jin waƙa a wayar hannu. Dillalin da ke kawo masa faifan ya ce kamfanoni sun fara janye jiki, ba tabbas za a ci gaba da bugawa.

Baba ya ce, "Su janye mana. Waɗanda ke hannuna an ce su daina waƙa ne?"

Da tsufa ya sa hannunsa ya soma rawa, shagon ya dawo wurina. Gaskiya tarkacen sun ishe ni, na gaya masa zan kwashe su in sa kujera ta biyu. Ina leƙa bayan kantar shagon sai na ga wayar lasifikar hagu a cire, an naɗe ta tsaf.

Na ce, "Haba Baba! Duk cika bakin nan, ashe ɗaya kake ji?"

"Ni na cire. Kunnen hagu ya tafi tun bara, na dama ma ya fara haɗa kaya. Don me zan gajiyar da ita a banza? Na ajiye wa mai kunne biyu."

Ya durƙusa da ƙyar ya mayar da wayar, ya goge faifai daga tsakiya zuwa baki, ya tura ni kan kujerar aski.

Waƙa ta tashi. Shi ba ya kallon na'urar, fuskata yake karantawa. Can ya ɗaga yatsa.

"Ta ja numfashi?"

"Ta ja, Baba."

"To, kwashe in ka iya."