Kwalba Biyun Madam Tabitha

Ƙarfe bakwai na safe bas ɗin Samaru ke sauke Madam Tabitha a Sabon Gari. Sai ta buɗe ɗan ɗakin gwajinta a bayan asibiti, ta jera kwalaben kakin da masu tari suka kawo, ta shafa a gilashi, ta ɗiga kala, ta sunkuya kan madubin likita. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Wuya ya ƙage, ido ya gaji, ko masu shara ba sa son shiga ɗakin. Yo wa zai gode wa mai duba kaki?

Sojojin jiki take dubawa, 'yan mitsi-mitsin da ke tsaron hanyar numfashi. Waɗanda hayaƙin sigari ke tarawa daban, waɗanda ƙurar wurin aiki kan tayar daban, kuma ta san su kamar 'ya'yan maƙwabta.

Ku tambayi Uzoma, mai kwaɓa fulawa a wani gidan burodi a Muchia. Fuka ta shaƙe shi, duk wanda ya ga baƙin leɓensa kuwa sai ya ce sigari ce. Ya bar ta wata takwas, ƙirjin bai daina kuka ba. Har matarsa ta koma shinshina rigarsa.

"Madam, wallahi na bari," ya ce yana haki. "Mutuwa zan yi ke nan?"

"Za ka gida Kirsimeti?" ta tambaye shi.

Ashe ta daɗe da lura cewa masu burodi kan dawo daga Kudu a Janairu garau, kafin Fabrairu tari ya sake kama su. Ta ba shi kwalba biyu ya zuba kaki, ɗaya ranar tafiya, ɗaya ranar dawowa, kafin ya taka wurin aiki. Ta farko cunkus da sojojin ƙura. Ta biyu fayau. Ta kwashi gilasan ta hau bene, ta tsaya kan likita sai da ya sauko ya leƙa da idonsa. Aka canza wa Uzoma magani, maigidansa ya mayar da shi kanti, nesa da buhun fulawa.

Ke ce mai haƙurin kallon abin da kowa ke kau da kai, Tabitha. Ranar da kika ajiye aiki aka yabe ki, sai kika ce, "Na gaji. Mutum nawa aka binne kafin in gane?" Amma mun ga Uzoma ya hau benen nan da burodi mai zafi a hannu, matarsa na biye, bai tsaya hutawa ko sau ɗaya ba. Kika cire tabarau kika share ido.

Mun gode, Madam, Allah ya huta gajiya. Ku kuma da za ku zauna a kujerarta, kafin ku ce sigari ce, ku tambayi mutum inda yake wuni.