Lambar da Malam Uzairu Ya Sauya

Shekara goma sha ɗaya kekena na ɗinki yana jingine da bangon shagon Malam Uzairu a Rano, don haka in na ce na san shi, ba ji na yi a bakin wani ba. Mutumin Rurum Sabon Gari ne, tsohon malamin firamare. Da tafireta ya fara, farkon dawowar mulkin farar hula, sannan injin hoton takardu, sannan kwamfuta biyu. Daga baya ya sayo wani ɗan akwati mai ƙaho biyu daga Kano ya rataye a taga, ya ce waifai ne, yana raba intanet ba tare da igiya ba.

Aibin Uzairu ɗaya ne, bai iya cewa a'a ba. Lambar sirrin akwatin nan randar ƙofar gida ya mai da ita. Duk wanda ya miƙo waya sai ya sa masa.

Cikin waɗanda ya sa wa har da Inna Mas'uda, Bafulatana mai fura da nono daga wata ruga a bayan Zurgu. Ɗanta na fari, Manu, ya tafi Aljeriya aikin gini, ya bar mata waya. Rugarsu ba sabis, ita kuma ba ta san sayen data ba. Ran kasuwa sai ta sauke ƙwaryarta a gindin bangonmu, wayar ta kama da kanta, saƙonnin muryar Manu su shigo, nata da ta ɗauka a gida su tafi. Ba ta taɓa saurare a gabanmu ba. Kunyar ɗan fari gare ta irin ta mutanen da, ko sunansa ba ta faɗa. In ta kama dole sai ta ce "wancan".

Da lokacin rajistar jarrabawa ya zo, samari suka cika benci suna sauke fina-finai, intanet ta yi nauyi, aikin shago ya tsaya cak. Ni na zuga shi, Allah ya yafe mini. Na ce, "Malam, kai kaɗai ne mai tausayi a garin nan? Wannan ai wauta ce." Ya kira Abdulganiyyu mai gyaran kwamfuta, ya sauya lambar, ya ɓoye sunan akwatin yadda baƙuwar waya ba za ta gan shi ba. Uzairu ya ce, "Duk mai buƙata ai zai zo ya tambaya."

Kowa kuwa ya tambaya, ban da mutum ɗaya. Mu da muka tashi cikin Fulani, ya kamata mu san uwa irin Inna ba za ta buɗe baki ta ce saƙon ɗanta na fari bai zo ba. Ba ta ma san akwai wata lamba ba. A ganinta wancan ne ya yi shiru.

Kasuwa bakwai tana zuwa. Nono ya ƙare tun azahar, ita tana zaune har la'asar. Har tsokanarta na yi, na ce ko inuwar ce ta yi mata daɗi. Ta yi murmushi kawai. A ta takwas Uzairu ya fito alwala, ya gan ta tana juya wayar a hannu, sai ya tuna bai sa mata sabuwar lambar ba, ya saki buta.

"Inna, kawo wayar nan."

Yana sa lambar, wayar ta hau ƙara ba ƙaƙƙautawa. Saƙon murya ashirin da uku, sai kuma wani rubutu a ƙarshe daga baƙuwar lamba. Uzairu ya karanta a zuci.

"Faɗa mini, Malam," in ji ta.

Abokin aikin Manu ne ya rubuto. Manu ya faɗo daga saman gini, ya yi kwana goma sha biyu a asibiti, Allah ya yi masa rasuwa, an yi jana'izarsa tun wata Juma'a.

Ta karɓi wayar ta danna muryar ƙarshe, nan a gabanmu. Da ƙyar yake magana. "Inna, kwana da kwanaki ban ji ki ba. Ko fushi kike da ni? Ki ce wani abu mana, ko kalma ɗaya."

Ta daɗe tana kallon wayar. Sannan ta kai ta bakinta ta ce, "Manu." Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar, kuma na yi kuka kamar yaro.

Uzairu ya bi ta har ruga ya yi gaisuwa. Ta ce masa wa'adi ne, ba laifinsa ba ne. Shi bai yarda ba. Ya sa Abdulganiyyu ya raba layin biyu, na aiki a kulle, na baƙi kuma ya rubuta lambarsa da jan fenti a bango. Ashe tun farko hakan yana yiwuwa.

Inna Mas'uda ba ta sake zama a gindin bangon ba, ta koma can wajen tasha. Uzairu bai taɓa yi mini gori ba. Sau ɗaya kawai, muna kallon fentin nan, ya ce, "Maharazu, da ka bar ni da wautata."