Mai Kula da Tsofaffin Ɓeraye

A wurin aiki kowa Inna yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. A gida kuwa, in mijinta direba yana jin tsokana, sai ya kira ta Uwar Ɓeraye, ita kuma ta ce gara su, ba sa barin takalmi a tsakiyar ɗaki.

Da shara ta fara. Shekara uku tana goge barandar ginin bincike, tana wuce wata ƙofa da ba ta taɓa yarda ta leƙa ba, don an gaya mata abin da ke ciki. Ita da ko a gida ta ga ɓera sai ta ɗare kujera. Da tsohon da ke kula da ɗakin ɓerayen ya yi ritaya aka rasa mai karɓa, sai shugaban ma'aikata ya ce ta riƙe na sati biyu. Sati biyun nan ne ya zama shekara ashirin da ɗaya.

Ɗakin ba shi da taga. Akwatunan roba ne jere a kan kantoci, kowanne da katinsa. Da safe Inna za ta sa farar riga da hula da takunkumi da safar hannu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta canza garin katakon da suke kwanciya a kai, ta cika kwalaben ruwa, ran Litinin kuma ta ɗora kowa a sikeli. Kantar da ta fi so ita ce ta can ƙarshe, inda ake ajiye ɓeraye mata har su tsufa. Na Dakta ne, wata siririyar mace mai tabarau da magana ƙasa-ƙasa, wadda ke binciken abin da ke samun ƙashi idan ƙwan haihuwa ya daina aiki.

Inna ba ta yi karatu mai nisa ba, amma tana da ido. Ta lura tsofaffin sun daina miƙewa su kai ga abincin da ake zuba musu a ragar saman akwati, kuma nauyinsu yana raguwa. Ba ta tambayi kowa ba, ta riƙa jiƙa musu kaɗan tana ajiyewa ƙasa. Bayan kwana goma Dakta ta gano.

"Inna, wa ya ce ki sauke musu abinci?"

"Ba wanda ya ce, Dakta. Na ga ba sa iya miƙewa ne."

"Kin san duk abin da aka canza a ɗakin nan sai ya taɓa aikina?"

"To ki yi haƙuri. Amma da na bar su, yunwa za ki auna, ba tsufa ba."

Dakta ta tsaya tana kallonta. Can ta ciro biro ta ce, "Faɗa min ranar da kika fara." Daga wannan watan aka mayar da shi doka a ɗakin, kuma Dakta ba ta ƙara shiga ba tare da ta tambayi Inna abin da ta gani ba.

Wata Laraba, Inna ta kai takardar awo ofis ta tarar da hotuna biyu a fuskar kwamfuta. Dakta ta ce cikin ƙashin cinya ne. Na farko, na budurwar ɓera, a cike yake kamar saƙa mai kyau. Na biyu, na tsohuwa, duk ramuka kamar soson da ya sha wanki.

"A mutum ma haka yake?" in ji Inna.

"Kusan haka. Musamman in al'ada ta ɗauke wa mace da wuri."

"Da wuri kamar yaushe?"

"Kafin arba'in." Dakta ta cire tabarau. "Me ya sa kika tambaya?"

Inna ta ja kujera ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba a ofishin, ta ba ta labari. Tana da shekara talatin da bakwai tata ta ɗauke. Ta ɗauka ciki ne. Wata uku suna murna ita da mijinta, har ya fara raɗa wa abokansa, don 'yarsu ɗaya ce tilo kuma ta girma. Da aka auna aka ce babu komai. Ta yi kukanta ta share hawaye, ta koma aiki washegari, ba ta sake tayar da zancen ba. Zafin da ke taso mata da gumi ta ɗora wa rigar aiki. Shekara goma sha huɗu ke nan.

Dakta ta rubuta mata takarda ta ce ta je a yi mata hoton ƙashi. Takardar ta yi wata biyu a jaka. Inna tana cewa ita lafiyarta ƙalau, ba inda ke mata ciwo. Sai ranar da 'yarta ta zo ziyara, suna tsaye suna wanke-wanke, ta ce, "Mama, ke ce kike gajarta ko ni ce nake ƙara tsawo? A da kafaɗarmu ɗaya." Mijin Inna ya yi dariya daga falo, amma da safe shi ya ɗauko makullin mota ya ce ta shirya.

Hoton bai ɗauki minti ashirin ba. Likitan ya ce ƙashin bayanta da na ƙugunta sun yi sirara ƙwarai, amma ba karaya, an zo a kan gaɓa. Ya ba ta magani, ya ce ta riƙa tafiya a ƙasa, ta sha rana da safe, ta daina ɗaukar buhun abincin ɓeraye a ka.

Na ƙarshen ne ya fi yi mata wuya, don ba ta son a ce ta gaza. Aka kawo mata amalanke, ta yi sati tana hararar sa kafin ta fara turawa. Yanzu tana sauka daga mota tun a mahaɗar titi ta taka sauran. Mijinta ya sa mata ƙarfen dafawa a banɗaki, ya kafa shi a karkace, har yau suna musu a kan wanda ya riƙe ma'auni.

Tun daga nan matan layinsu suka shiga uku. Duk wadda ta haura arba'in da biyar, in ta haɗu da Inna a bakin shago, sai ta amsa tambayoyi. Wasu sun ji, wasu kuwa suna hango ta sai su canza hanya. Wadda ta fi taurin kai ita ce yayarta, mai sayar da yadi, wadda ta ce ita ba za ta kwanta a inji ba don ƙanwarta ta ga wani abu a cinyar ɓera.

Wata bakwai Inna tana binta. Ranar da ta yi nasara, suna zaune a benci a asibiti suna jiran layi, Yaya ta gyara mayafi tana ƙunƙuni.

"In suka ce ƙashina lafiya lau, ke za ki ɗauke ni a baya har gida."

"Likita ya hana ni ɗaukar kaya, Yaya."

Matar da ke kusa da su ta fashe da dariya. Nas ta leƙo ta kira su, Inna ta miƙe ta karɓi jakar yayarta, suka shiga tare.