Sunanka Ya Hau Bango, Orest

Da hantsin ranar Alhamis, bakwai ga watan Fabrairu, Allah ya karɓi ran ƙanena Orest Pawluk a gidan jinya da ke bayan tashar jirgin ƙasa, yana da shekara hamsin da takwas. Matarsa Darlene ce ta bugo mini waya ina tsakiyar kwashe ƙanƙara daga ƙofar gida. Ban yi kuka ba. Kukana na gama shi tun bara waccan, Orest, ranar da na shigo ɗakinka ka dube ni ka tambaya ko ni ce sabuwar nas. Kafin yamma gidajen rediyon birnin nan sun cika da yabonka, har da bakunan da suka daɗe ba su ambaci sunanka ba. Shi ya sa na ce ni ma bari in faɗi nawa, tunda ni na goya ka.

A gonar Baba ka koyi cafe abu. Lokacin haƙar dankali yakan tsaya a ƙarshen kunya yana wurgo maka ɗaya bayan ɗaya, kai kuma kana zubawa a buhu, kuma in ɗaya ya faɗi ƙasa ka san abin da kunnenka zai sha. Da ka girma ƙungiyar birnin nan ta ɗauke ka mai cafe ƙwallo, a wasan nan da ake jifa da hannu ana bangaje juna, muka ɗauka mun isa. Ashe doka ce ta kawo ka. Dole kowace ƙungiya ta sa 'yan ƙasa bakwai cikin masu fara wasa, don kada 'yan Amurka su cinye filin gaba ɗaya, su kuma masu horarwa sukan kai ɗan ƙasa inda ba zai ɓata musu aiki ba. Nan aka ajiye ka, can ƙuryar gefen fili mai nisa, inda hannun mai jifa ba ya kaiwa sai da ƙyar. Shekara shida kana sheƙa gudu kana ɗaga hannu, ba mai kallonka. Abokan wasanka suka laƙaba maka suna Fasfo, wai takardar zama ɗan ƙasa ce ta ba ka gurbi. Wani ɗan Amurka, Cleon Batiste, shi ya fi kowa baki.

"Fasfo, yau ka zo da kujera? Ai gefen nan naka ko kare ba ya bi."

Dariya kawai kake yi, sannan ka kwaso su ka kawo gidan Mama su cinye mata tukunyar firogi, ƙullin fulawar nan mai dankali da cuku a ciki. Da gwiwar Batiste ta karye ƙungiya ta sallame shi ana tsakiyar kakar wasa, a ɗakinka na ƙasa ya kwana har sanyi ya wuce, kai ne mai kai shi asibiti, kai ne mai ɗaura masa takalmi. Na sha ce maka ba ka da zuciya. Ka ce, "Yaya, to in kore shi cikin ƙanƙara ne?" Haka kake. Ba ƙauyen da zai kira ka liyafar tara taimako ka ƙi zuwa, ko da hanya ta daskare, kuma ba ka tashi sai ka sa hannu a rigar mutum na ƙarshe.

A shekara ta bakwai koci Merv Tollefson ya matso da kai tsakiyar fili, inda ƙwallo ke zuwa, inda kuma ƙarti ke jiran mai cafewa. Ka taho a guje tun kafin a saki ƙwallo, idonka na sama, su kuma su same ka a kai da ƙirji. Nan duniya ta san ka. Shekara uku a jere ba ɗan ƙasar da ya kai ka cafe ƙwallo. Sau biyu aka zaɓe ka gwarzon 'yan ƙasa. A wasan ƙarshe na kofi, ƙanƙara na zuba, ka miƙa hannu ɗaya ka damƙe ƙwallon da kowa ya fid da rai da ita, kofi ya zo garin nan, aka rufe makarantu washegari. Ina cikin 'yan kallo ran nan, na yi ihu har muryata ta dushe.

Abin da ba mu gani daga kan benci shi ne abin da ake yi a bakin layi. In aka buge ka ka tashi kana tangaɗi, sai mai duba lafiyar 'yan wasa ya shaƙa maka wani abu mai yaji a hanci, ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne. Kullum biyu yake ɗagawa. Kowa a ƙungiyar ya sani, sabon ɗan wasa ma tun makon farko ake raɗa masa. Ko ba ka ganin hannun, ko ba ka san garin da kake ba, ka ce biyu, a dafa kafaɗarka a mayar da kai fili. Haka ka yi ta cewa biyu har ka yi ritaya.

Mantuwa ta fara da makullin mota, ta kai ga hanyar gida. Da ka gane dukan da kanka ya sha ne ke cin ka, sai ka je gidan rediyo ka ba da labarin yatsun nan da bakinka, ba zagi, ba ƙari, don iyayen da 'ya'yansu ke wasa su ji. Tun daga ranar wayarka ta daina ƙara.

A filin wasanmu akwai bango da ake rubuta sunayen gwarazan ƙungiya, duk kaka a ƙara biyu ko uku. Ba ka taɓa roƙon kowa komai ba, amma wannan ka so shi, kuma ka so ka gan shi da idonka tun kana gane kanka. Duk watan Satumba sai ka sa Darlene ta goge maka kwat. Aka sa waɗanda ba su kai rabinka ba. Aka sa mai sayar da motoci da ya sayi fitilun fili. Shugaban kwamitin bangon kuwa Tollefson ne, wanda kofinka ya ɗaga shi. Da na gaji na same shi a ofis.

"Ranka ya daɗe, me kuke jira? Mutumin nan kullum raguwa yake yi."

Ya ce, "Haba Oksana, ai Orest ɗana ne. Komai da lokacinsa. Amma ki faɗa masa rediyo ba wurin tsofaffin 'yan wasa ba ne."

Na ce, "In ɗanka ne, to Allah ya raba mu da irin ubancinka." Sakatariyarsa ce ta raka ni ƙofa.

Shekara goma sha ɗaya ana cewa baɗi. Sai a bazarar da ta wuce Tollefson ya bayyana a gidan jinya da furanni a hannu. Ya ja kujera ya zauna gabanka yana ta tambayoyi, ko ka gane shi, ko ka tuna wasan kofi, ko ka tuna abin da ka faɗa a rediyo. Kai kuwa kana ta murza bakin bargo kana murmushi. Darlene, baiwar Allah, har hawaye ta yi don ta ɗauka zumunci ne ya kawo shi. Mako bai zagayo ba aka bugo waya cewa kwamiti ya amince. Dubiya ya zo yi, amma ba irin tamu ba. Ya zo ne ya tabbatar bakinka ya mutu kafin su miƙa maka lasifika.

Ranar bikin, da aka tafi hutun rabin lokaci, ni na riƙe hannunka muka shiga fili. Kwat ɗin ta yi maka yawa. Mutum dubu talatin suka miƙe suna kiran sunanka, kai kuma kana ƙanƙame ni don hayaniyar ta firgita ka. Aka janye ƙyalle, ga harufan nan manya. Ka karanta su a hankali, don karatu bai gudu ba tukuna, sannan ka juyo gare ni.

"Baiwar Allah, wane ne wannan? Rasuwa ya yi?"

Sai ka cire hularka ka ce, "Allah ya jiƙansa." Tollefson ya kama ɗayan hannun ya ɗaga sama, masu hoto suka ɗauka, aka buga a shafin farko. Jiya ma wannan hoton suka sake bugawa, kuma ya aiko a tambaye mu ko za a ba shi dama ya yi jawabi a coci.

Allah ya jiƙanka, ƙanena. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya sa ka huta kusa da Baba da Mama, ya mayar maka da duk abin da aka buge daga kanka, ka san sunanka ka san namu. Ina miƙa ta'aziyyata ga Darlene, wadda ta yi ta ba ka abinci a baki kana kiranta da sunan wata, da 'yarku Lesia da mijinta, da Cleon Batiste da ya tuƙo mota tun daga kudancin Amurka don ya ɗauki akwatin gawarka. Allah ya ba mu haƙurin rashinka.

Shi kuma Merv Tollefson, na ce a ba shi kujera a sahun gaba, amma ban da jawabi. Ban yi masa mugun baki ba. Allah ya ba shi tsawon rai da lafiya, ya bar masa hankalinsa garau har ranar ƙarshe, kada ya manta da komai.