Kamar Na Bara

Ƙarfe biyar da kwata na yamma, ran wata Laraba, babana ya shigo gida ya ce mini konkur ɗin bana kamar na bara ne. Na riƙe lokacin domin tun azahar nake zaune ina jiransa, idona a kan agogon ɗakin inna. Daga wannan magana komai ya fara lalacewa, ko da yake ni a ranar murna na yi.

Konkur ita ce jarrabawar da gwamnati ke buɗewa in za ta ɗauki ma'aikata. An yi bara, za a yi bana, kuma kowa na cewa daga wannan za a rufe ƙofa sai yadda hali ya yi. Ni kuwa na samu birebe, takardar gama ƙaramar sakandare, na dawo gida na zauna, ba abin da na iya sai karatu. A radiyo aka faɗi ranar, aka ce a Maraɗi za a zauna, aka lissafa takardun da za a sa a dosiye, wato kundin neman shiga. Game da darussan da za a tambaya kuwa, cewa aka yi mai son sani ya je biro, wato ofishin gwamnati.

A Dakoro ta lokacin, budurwa ba ta shiga biro ta tsaya gaban sa'an ubanta tana yi masa tambayoyi. Ubanta take aikawa. Babana tela ne a kasuwa, kuma yana da aboki tun na ƙuruciya wanda ke buga takardu a wani biro, muna ce masa Baba Sakatare. Kullum bayan la'asar yakan zo rumfar babana shan shayi, tare da wani dillalin raƙuma daga wajen Azagor da wani tsohon soja da duk wanda ya zo karɓar ɗinki. Shi kaɗai ne mai Faransanci a cikinsu. In ya yi magana a kan gwamnati, ba mai ƙarawa.

Babana bai yi boko ba, don haka na biya masa tambayoyina kamar hadda: waɗanne darussa ne, wanne ne ake ninka makinsa, kuma wane maki ne in mutum ya kasa kaiwa ya faɗi ko da ya cinye sauran. Ya maimaita har suka zauna. Sai ga shi ya dawo da jimla ɗaya.

"Baba, duka ka tambaye shi?"

"Ke ɗiyar ga! Mutum ya tsuhwa yana buga takardun gwamnati, ya ce miki kamar na bara, kina so in tsare shi kamar jandarma?"

Na bara ba wuyar samu. Wani mushe da ke koyarwa a lakkwal, makarantar boko ta unguwarmu, ya zauna jarrabawar bara bai ci ba, matarsa ta karɓo mini bayani: dikte, wato a karanta ka rubuta, sai insha'i, sai kalkil, wato lissafi, sai tarihi da labarin ƙasa. Dikte ce uwar tafiya, makinta ake ninkawa, kuma kurakurai kaɗan ke kai mutum ƙasa.

A cikin watan ne daraktan wata lakkwal a Korahane ya aiko yana neman mai riƙe masa ajin ƙanana. Na ce a ba shi haƙuri, ina shirin konkur. Aka ba wata.

Na duƙufa. Ba mai karanta mini dikte a gidanmu, sai na riƙa kunna radiyo lokacin labaran Faransanci ina bin mai karatun da alƙalamin bik ina rubutawa, inna na daka a gefe tana cewa in rage wannan gwalangwalan. Na cika kwatarniyoyi masu yoyo da famfo a tambayoyin kalkil, na haɗa jiragen ƙasa a hanya, ni da ban taɓa ganin jirgin ƙasa ba. Damina ta sauka, kowa ya tafi noman gero, aka yafe mini kai abinci gona. Gwaggona in ta shigo sai ta ce, "Ina Madam Biro? In kin zama babba ki tuna da masu kai hura." In na kai wa babana tuwo kasuwa na tarar da Baba Sakatare, sai ya ɗaga kofi ya ce, "Ɗiyata, ya karatu? A dage hwa!" In durƙusa in ce to.

Na hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Maraɗi, na sauka gidan wata 'yar uwar inna. Da safe muka cika aji, mai tsaron jarrabawa ya ɗauki alli ya rubuta jerin darussa a tablo. Na karanta daga sama zuwa ƙasa, na sake karantawa. Babu dikte. A madadinta an sa taƙaita rubutu. Babu tarihi. A madadinsa an sa tsarin mulki da ma'aikatun ƙasa, shi ne ake ninkawa, shi ne kuma mai kayar da mutum.

Wadda ke kusa da ni tana cusa wasu takardu a jaka, duk sun yi laushi don karatu. Ta ga fuskata.

"Ke daga ina?"

"Dakoro."

"Ayyo! Sabon tsarin bai je muku ba? Mu tun kahin ruwan hwari aka manna shi."

Taƙaita rubutu na lallaɓa. Kalkil ban tsammanin na bar ko ɗigo. Da aka zo darasin tsarin mulki, aka tambaye mu bambancin doka da umurnin minista, da hanyar da takarda ke bi daga hannun mai gari har Yamai. Abin da yarinya mai haddace kogunan duniya za ta koya cikin sati biyu in an ce mata ta koya. Na zauna da bik a hannu ina jin takardun wasu suna cika. Ran da aka karanta sunaye a radiyo, na saurara har ƙarshe.

Faɗuwar ba ta ci mini rai kamar abin da ya biyo baya ba. Duk wanda ya shigo jaje sai ya ce Allah bai nufa ba. Na yarda da ƙaddara, amma ba Allah ne ya ce kamar na bara ba, mutum ne, da bakinsa, yana shan shayin ubana. Da na fara faɗa wa babana haka, sai ya tsayar da keken ɗinki.

"Kada in ƙara ji. Tare aka yi muna kaciya da mutumin nan."

Shi ke nan. Aka rufe konkur kamar yadda aka yi ta faɗa. Wadda ta karɓi ajin Korahane tana wucewa ta ƙofar gidanmu ran kasuwa da kayen yara, littattafan rubutunsu, a ka. Baba Sakatare kuma yana nan a rumfa, shi ake fara zuba wa shayi, ana tambayarsa labarin gwamnati yana bayarwa. Wasu ma cewa suka yi laifina ne da ban je na duba da idona ba, su ɗin da da na je da sun ce ɗiyar tela ba ta da kunya.

Bayan girbi babana ya kwanta zazzaɓi, ya aike ni in kai wa abokinsa wata riga da ya gama. Na same shi a zaure shi kaɗai, yana yanke farce. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye rigar. Ya sa albarka. Ban tashi ba. Ni da ko a aji ban cika ɗaga hannu ba, na ji muryata tana fita.

"Baba, sabon tsarin konkur bai zo biro ba ne?"

Ya ci gaba da yanke farcensa har na zaci bai ji ba. Can ya kaɗe rigarsa.

"Ya zo. Bayan ubanki ya tambaye ni da 'yan kwanaki ya zo, ni na buɗe shi."

"To, Baba, mi ya hana a gaya mini?"

Ya dube ni da mamaki na gaskiya, kamar na tambaye shi abin da kowane yaro ya sani.

"Ɗiyata, gaban mutane ubanki ya tambaye ni, gaban mutane na ba shi amsa. So kike in koma rumfar nan in ce ran nan ban sani ba na hwaɗa? Ke yarinya ce, kina da wata shekara. Ni hwa?"