Katsin da Na Ƙi Bari a Bayan Kasuwa

Ni marini ne, ɗan marini, kuma in aka tsaga ni yau ina jin shuni za a gani a madadin jini. Karofinmu na farko, wato wurin rininmu, a bayan kasuwar Azare yake. Mahaifina da ƙanensa ne suka haƙa ramukan lokacin da suka biyo jama'a daga Katagum, bayan sarauta ta dawo nan. Filin ba namu ba ne. Wani dattijo ne ya ba su aro, a zamanin da kuraye kaɗai ke sha'awar wurin. Duk sallah a rina masa riga, shi ke nan. A nan aka haife ni, a nan mahaifina ya rasu ya bar ni da ƙanen nasa, wanda muke kira Baffa.

Bayan yaƙin Turawa gyaɗa ta yi daraja, motoci suka yawaita, gari ya kumbura. Wuri ya yi tsadar da in ka tsaya a inuwar katangar mutum kana gyara takalmi, sai ya leƙo ya tambaye ka wata nawa za ka yi. Dattijon ya rasu, magada suka sayar wa wani Alhaji mai awon gyaɗa, shi kuwa sito yake son ginawa. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Maƙerin da ke gabas da mu ya ɗora kayansa a jaki ya nufi Udubo. Tsohuwar da ta shekara talatin tana sayar mana da ƙosai ta koma wajen 'yarta a Sakwa, tana tafe tana waiwaye.

Alhaji ya zo da kansa, aka gaisa.

"Baffa, ba faɗa na zo yi ba," in ji shi. "Aro aka ba ku, an zauna lafiya. Ku kwashe duk abin da yake naku kafin kaka, leburori za su cike ramukan."

"Alhaji, ana kwashe rami ne?" in ji Baffa.

Da yamma Baffa ya kira ni zaure ya ce Katagum zai koma, ya tsufa da sabon haƙa, a can yake so a binne shi. Har ya ɗaure 'yan kayansa, yana jiran wani mai jakuna da zai bi. Ni kuwa na san in Baffa ya tafi, rini ya tafi. Ƙarfi gare ni, ina iya juya muciya har ramin ya roƙe ni, amma shi ke ɗanɗana ruwan da harshe ya san ya nuna ko da saura.

Mai unguwa ya nuna mana wani fage can bayan gari ta hanyar Gololo. Haƙa ba ta ba ni tsoro ba. Rairayi ne matsalar, don rairayin wurin nan ko kogi ka juye masa sai ya ce a ƙaro. Ramin rini sai an shafe shi da laso, laso kuwa sai da katsi, wato baƙar lakar nan mai wari da ke kwanciya a ƙasan tsohon rami. A kwaso ta, a cura, a shanya, a ƙona, a daka, a kwaɓa da gashin akuya da ruwan dafara, wani tsiro mai yauƙi. Katsin shekara talatin na kwance a ramukanmu.

Leburori suka riga kaka isowa. Wata safiya na tarar har sun fara tura ƙasa a ramin farko. Na tuɓe riga, na ɗauki ƙwarya, na dira cikin na biyu. Ruwa ya kawo mini wuya.

"Kai, fito mana, aiki za mu yi," in ji babbansu.

"Ku yi abinku," na ce. "Sai dai ku gaya wa Alhaji da marini a ƙarƙashin sitonsa."

Aka kirawo Alhaji. Ya tsaya nesa, ya toshe hanci da bakin rawani.

"Malam, me ka yar a ciki?"

"Kayana nake kwashewa, Alhaji. Kai ka ce."

"Lakar ce kaya?"

"Ƙasarka ban taɓa ta ba. Wannan kuwa mu muka zuba ta, tun ban san hannun dama ba."

Ya dube ni, ya dubi kan da ke yawo a bisa ruwa kamar duma, dariya ta ƙwace masa. Ya ce a ba ni zuwa kasuwa mai zuwa. "Ka kwashe har warin, kada ka rage mini."

Na kwashe kuwa. Rami bayan rami nake nutsewa ina miƙo ƙwarya, ina jido a kai zuwa bayan gari. Na rine tun daga kunne har tafin ƙafa. Wata Bafillatana mai nono ta tsayar da ni a hanya ta tambaya ko ni ma na sayarwa ne, don ba ta taɓa ganin zanen turkuɗi mai tafiya ba. Matata ta ce a waje zan ci tuwo sai na koma mutum.

Duk wannan a kan idon Baffa ake yi. Kullum dai zai biyo ni da sandarsa, ya zauna a gindin wata aduwa, wai iska yake sha. Na haƙa, na ƙona katsi, na daka. Ranar kwaɓi na zuba gashi, na ɗauko ruwan dafara zan tuttula gaba ɗaya.

"Wa ya koya maka wannan haukan?" in ji shi daga gindin aduwa.

"Wanda zai koya mini Katagum za shi."

Ya yi tsaki, ya jingine sanda, ya naɗe hannun riga. "Matsa can. Kaɗan kaɗan ake zubawa, ɗan banza."

Shi ya kwaɓa, ni na shiga na shafe, yana daga sama yana zagina da sunan gyara. Da laso ya bushe muka cika ramin da ruwa, muka bar shi. Kwanaki suka shuɗe ruwa bai ragu ko da faɗin yatsa ba. Muka zuba shuni da toka.

Muna cikin juyi mai jakunan Katagum ya iso, ya ce gobe da sassafe za a tashi, Baffa ya fito da kaya. Baffa ya tsoma yatsa a rami, ya kai baki, ya tofar.

"Da saura," in ji shi. "Ka gaida mutanen gida. In na bar wa wannan yaron ramin nan, ruwan wanki zai sayar wa jama'a."