Tarwada Tara da Baba Nomau

Kullum da an sallame sallar Asuba, Baba Nomau yakan ɗauki ƙwaryarsa ya nufi garkarmu da ke bayan garin Akokan. A ƙwaryar akwai dusa da gara da hanjin kaza da ya samo wajen masu fige kaji. Sai ya tsuguna a bakin kwamin siminti da muke tara ruwan ban ruwa, ya buga gefensa da tafin hannu sau uku. Nan take ruwa ya motsa, baƙaƙen kawuna su taso da gashin bakinsu. Tarwada ke nan fa, a garin da ba kogi ba tafki! Shekara tara ina ganin abin nan, wallahi har yau bai daina ba ni mamaki ba.

Ɗan masunta ne daga Tabalak. Neman abinci ya kawo shi arewa, ya yi shekara talatin yana shiga ramin ma'adini, amma ruwa bai fita daga ransa ba. Wata shekara ya je gida hutu, ya dawo a bayan kamiyo, babbar motar kaya, rungume da durom, a ciki tarwada goma sha biyu. Kwana biyu suna hanya. Tara suka iso da rai, ɗaya cikinsu ta bugu da ƙarfe ta rasa ido. Muka sa mata suna Hajiya, tunda ta fi yawancinmu tafiya.

Ni Halidu, mai wannan rubutu, na fi kowa yi masa dariya. Na ce, "Baba, sai dai ka koya musu iyo cikin rairayi."

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Bari ruwa shi sauko, ɗan Maraɗi."

Akwai wani ƙaton kududdufi a yamma da garka, inda aka yi shekaru ana haƙar ƙasar bulo. Idan ƙorama ta kawo ruwa a watan takwas, yakan cika ya yi wata biyar bai ƙafe ba, ba abin da yake haifa mana sai sauro. Ran da ya cika, Nomau ya kwashi taran nan a bokiti ya sake su ciki. Bayan wata huɗu ya kira mu da sassafe. Ya ɗaura ƙugiya a zare, ya soka tana, ya tsaya yana duban ruwan kamar mai karanta wasiƙa, sannan ya jefa gindin wata tumfafiya da ruwa ya shanye. Kafin in gama gyara tsayuwa, ga kifi yana wutsil-wutsil a kan ƙasa. Ahmudu, Buzun da fegensa ke maƙwabtaka da nawa, ya ja da baya yana salati. Tunda aka haife shi bai taɓa ganin kifi da rai ba sai busasshe a kasuwa.

Baba Nomau, kai ne ka koya wa makiyaya da leburori fatsa. Kai ne ka nuna mana cewa kifi na bin inuwa, yana cin ƙugiya da sanyin safiya, kuma wanda ya yi gaggawar fizga zare ya koma gida da zare kawai. Doka ɗaya ka kafa mana: duk kifin da cikinsa ya cika da ƙwai, a mai da shi ruwa. In kududdufi ya fara ƙafewa, ka zaɓo iyaye tara ka mai da su kwami, su jira wata damina. Daga taran nan duk kifin garin yake fitowa.

Shekarar da ta bi bayan rufe ramin ma'adinin, ana tsakiyar bazara, injin rijiyar garka ya mutu. Aka ce sai an kawo wani ƙarfe daga Kano. Tumatir ya ƙone, albasa ta kwanta, ruwan kwami ya koma bai kai gwiwa ba, ya yi kore yana wari. Mun taru a bakinsa, kuma ni ne na buɗe baki, Allah Ya yafe mini. Na ce, "Baba, mutuwa za su yi ko ta yaya. Mu yanka mu raba, iyali su sha romo."

Ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai. Ya ce, "Halidu, in ka ci waɗannan yau, mi za ka saki in ruwa ya zo? Ƙarfina ya ƙare, ba ni iya sake ɗauko wasu daga Tabalak. Waɗannan ba kihin ci ba ne, iri ne."

Abin da ya biyo baya, da idona na gani. Tsoho mai shekara sittin da bakwai, da tarin da ya fito da shi daga rami, ya riƙa tura baro da bido huɗu, wato jarkokin ruwa, daga famfon unguwa zuwa garka, sau uku a rana. Ya kwashe ruɓaɓɓen ruwan da ƙwarya, ya zuba sabo. Ya cire tabarmar rumfar ƙofar gidansa ya yi wa kwami inuwa, shi ya koma zama a rana. Inna Mairamu, matarsa, ta ce mini, "Ɗana, in famfo bai kawo ba, ruwan randata yake ɗiba. Na yi faɗa har na gaji, yanzu ni nake cika masa bidon." A kwana na goma Ahmudu ya kawo jakinsa. A na goma sha biyu kunya ta ishe ni, na karɓi baron daga hannunsa. Sai ya nuna mini inda tayar take sacewa.

Kwana arba'in da ɗaya muka yi kafin injin ya tashi. Baba ya buga gefen kwami sau uku, muka ƙirga kawuna. Tara cif! Ahmudu ya ja rawaninsa ya rufe ido, ni kuwa ban ɓoye nawa hawayen ba.

Bana idanun Baba sun yi rauni, ƴaƴansa sun matsa sai ya koma Tabalak ya huta. Makon jiya muka kai shi kududdufi ya yi sallama da ruwansa. Na jefa ƙugiya, wani abu ya ja ni har na kusa faɗawa. Da ƙyar na fito da wata tarwada, tsawonta ya kai hannuna, mutane suka yi caa suna cewa yau akwai dabge. Baba ya ce a miƙo masa. Ya shafa kanta da yatsu, ya tsaya a gurbin idon da babu. Sai ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ashe kin zo rakiya." Ya zare ƙugiyar a hankali, ya miƙo mini Hajiya. Na shiga ruwa har ƙugu na sake ta.

Mun gode, Baba Nomau, masuncin da ya kawo kogi a durom. Allah Ya saka maka da alheri, Ya kai ka gida lafiya, Ya ba Inna Mairamu ladan randarta. Ku kuma da za ku zo da fatsarku, ku taɓa cikin kifi kafin ku jefa shi a buhu. Ƙwaryar tana hannuna yanzu. Iyaye tara na bana sun riga sun koma kwami. Jiya na buga gefensa sau uku, sai ga su sun taso.